Motar da Ta Daina Sallama

Ku yanzu idan salansa, wato bututun hayaƙin mota, ta lalace, sabuwa kuke sayowa ku ɗaure da noti. Mu a zamaninmu, lokacin Jega tana cikin Jihar Sakkwato, da hannu muke ƙera ta. Har gobe ba na mance ranar da Alhaji Nomau, wani dillalin albasa na Aliero, ya kawo ƙaramar motarsa garejinmu.

Ban daɗe da dawowa daga Kumasi da Kwatano ba, inda na koyi walda, na kuma kwaso yare biyar. Mai garejin, Malam Bawa, ya ɗauke ni gwaji: in aikina na farko ya yi kyau in zauna, in bai yi ba in kama gabana.

Tun motar tana bakin gari muke jin rurinta. Alhaji ya fito ya ce, “Samari, muryatta ta dishe. Ka gyara mata.”

A Kwatano, wanda ya ce a gyara muryar mota shiru yake nufi. Na shiga rami na yanke tsohon bututu, na lanƙwasa sabo. Na ƙera tukunya biyu, wato gwangwanin da ke shanye ƙara, na jera faranti masu huda a cikinsu, na bi da walda. Da aka tayar da injin, sai da Malam Bawa ya dafa bonet kafin ya yarda tana aiki.

Alhaji ya kasa kunne, ya ce, “Azumin magana taka yi?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, haka motocin manya suke a bakin teku.” Jin an ce manya, ya shiga ya tafi.

Bayan kwana uku sai ga shi a bayanmu, ba wanda ya ji zuwansa.

“Bawa, ina wanga yaro naka? Ya kashe ni!”

Ashe surukarsa kullum tana wuni a gidansa, kuma tun da aka yi auren ba su taɓa haɗa ido ba. Da ta jiyo motar daga nesa sai ta ɗauki mayafinta ta bi ta ƙofar baya. Ran nan, da yake ba ta jiyo motar ba, suka yi kiciɓis a zaure, tana tsakiyar shan fura. Ta kifa ƙwarya a fuska, shi kuma ya faɗa bayan buhunan albasa, kowa yana jiran ɗaya ya fara fita.

“Ga leburori na ishe suna barci a gona,” in ji shi. “Shekara da shekaru ina ganin su tsaye. Ni na ce maka ina son in sani?”

Malam Bawa ya dube ni. “Kai mai yare biyar, ashe Hausa ce ba ka ji. Kana da zuwa la’asar.”

Na cire tukunya ɗaya, na rage faranti, na buɗa bakin bututun. Alhaji ya ce in yi ta taka totur, shi kuma ya taka da ƙafa har kasuwar shanu don ya ji ko ƙarar tana kaiwa can. Da ya dawo yana haki ya ce, “Yawwa. Yanzu ta yi sallama.”

Malam Bawa ya miƙo mini makullin akwatin kayan aiki, ya ce in zauna. Daga ranar ban ƙara yanke salansar kowa ba sai na tambaye shi wa ke sauraron motarsa a gida.