Minti Goma Sha Tara Da Na Kasa Zama

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Shekara uku da suka wuce, ina 'yar shekara goma sha biyar, duk Ƙofar Wambai babu yarinyar da ta kama ƙafata a surutu da tsokana. Idan na shigo gida, kaji ma mafaka suke nema. Na iya tafiyar malamin lissafinmu, na iya tarin mai kayan miya, akuyar maƙwabta ma na taɓa amsa mata ta juyo tana neman ɗanta. Kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun rasuwarta ina goye, Rediyo yake kirana, wai tashar da ba ta rufewa ko an ɗauke wuta. Abin da na mallaka na mahaifiyata hoto ɗaya ne, tana kare rana da hannu. Ba na tuna muryarta. Kuma ni ce da hannuna na lalata wuri ɗaya tak da muryar ta rage a duniya.

Kawu tsohon mai haɗa sauti ne a gidan rediyo. Yana saurayi aka tura shi kwas ƙasar waje. Matarsa, wadda nake kira Inna, har gobe tana masa gori cewa abokan tafiyarsa sun dawo da agogo da keken ɗinki, shi kuwa ya dawo da akwatin faifan garmaho. Da ma waƙa ce a ciki da sauƙi. Babu mawaƙi, babu kalangu, babu abin da ƙafa za ta bi. Wani faifan kamar firji yana zazzaɓi, wani kamar an kulle sauro a cikin tulu, wani kuwa ƙara ɗaya ce za ta miƙe tun kana da haƙora har su zube. Kawu ya ce da na'urorin lantarki ake haɗa irin wannan kiɗa, ba don rawa ba, don mutum ya zauna a cikinsa kamar yadda ake zama a inuwa. Na ce masa in dai haka ne, janaretan mai cajin waya na bakin layi ma babban mawaƙi ne. Ya yi dariya har da tari.

Akwai faifai ɗaya a farin kwali, babu hoto, babu rubutu. Duk Juma'a bayan la'asar Kawu zai fito da shi, ya riƙe shi ta gefe da tafin hannu biyu kamar sabon jariri, ya ɗora allura, ya nuna mini tabarma. Sharaɗinsa ɗaya ne: in rufe tasha, in saurara har ƙarshe. Yakan ce Rediyo, akwai baƙo a cikin faifan nan, amma sai mai haƙuri yake fitowa ya gaisa da shi. Ni kuwa abin da nake ji wani gurnani ne mai tsawo da ƙarar ruwan sama a kan kwano. Kafin minti uku na fara munshari na ƙarya, ko in ce aljanin ciki ya ce yana gaishe shi, ko in tuna Inna ta aike ni. Kawu bai taɓa yi mini faɗa ba. Sai ya ce to, wata Juma'ar.

Wata Asabar cikin tsananin zafin bazara, Kawu da Inna suka tafi gaisuwar rasuwa unguwar Inkil. Ƙawayena biyu suka zo kitso. Na daɗe ina ba su labarin kiɗan Kawu suna cewa ƙari nake yi, don haka na ce yau za su ji da kunnensu. Na ɗauko farin kwalin, na zaro faifan na ajiye a gabanmu, na sa hular Kawu da tabaransa, na lumshe ido ina gyaɗa kai a hankali kamar yadda yake yi. Dariya ta kwashe ɗaya daga cikinsu, ƙafarta ta ture kofin zoɓo, ya malale a kan faifan. Na ce kada su damu, ni ce nan. Na wanke shi tas da sabulu. Sai na yi abin da ake yi wa duk wani jiƙaƙƙen abu a gidanmu, daga barkono har katifa: na taka turmi na shanya shi a kan rufin kwanon kicin. Muka koma kitso da hira, na manta da shi tun hantsi har azahar.

Da na sauko da shi sai da na hura yatsuna. Ya lanƙwashe, gefe ya tashi gefe ya kwanta, kamar wainar da aka manta a tanda. A nan ya kamata in tsaya in jira Kawu. Amma ni mai dabara ce. Na ce duk abin da ya yamutse, guga ce maganinsa. Na zuba garwashi a dutsen guga, na shimfiɗa ɗankwali a kan faifan, na danna da ƙarfina gaba da baya. Ya miƙe kuwa. Ya yi sumul har yana sheƙi, don 'yan siraran layukan nan da allura take bi duk sun narke sun haɗe. Ban ma san su ne sautin ba. Na mayar da shi cikin kwali ina yaba wa kaina, na kwana shida ina cin tuwo hankali kwance.

Juma'a ta zo. Kawu ya zaro faifan, ya karkata shi wajen hasken taga, ya daɗe yana kallo. Duk da haka ya ɗora allura. Ta zame fuuu daga baki har tsakiya, babu abin da ya fito sai wani shuu. Ya sake ɗorawa, ta sake zamewa. Bai kira ni Rediyo ba. Ya ce 'yata, gaya mini abin da ya same shi, tun daga farko. Na fara da wasa, ina so in mayar da zancen abin dariya yadda na saba, na ga Inna ta zo bakin ƙofa ta toshe baki da gefen mayafi. Nan na faɗi komai.

Sai Kawu ya ba ni labarin baƙon. Wannan faifan ba saye ya yi ba, nasa ne. Wata damina, ina da wata bakwai, ya zauna a tsakar gidanmu da rakoda yana ɗaukar ƙarar ruwa. A minti na goma sha tara na tsala kuka, mahaifiyata ta ɗauke ni tana rarrashina da 'yar waƙar da ta ƙirƙira a take, sannan ta yi dariya ta ce Yaya, don Allah ka janye wannan abin naka daga bakina, ka je ka nemi aikin yi. Bayan rasuwarta ya haɗa kaset ɗin da sautin na'urarsa ta haɗa kiɗa, ya aika wa wani tsohon abokin kwas ɗinsa, ya yanka masa faifai guda ɗaya. Kaset ɗin bai dawo ba, abokin kuma ya riga mu gidan gaskiya. Na tambaye shi cikin kuka me ya sa bai taɓa gaya mini ba. Ya ce so ya yi in ci karo da ita da kaina, kamar yadda ake haɗuwa da mutum a hanya, ba a nuna mini ita kamar kayan gado ba. Ya ce wannan laifinsa ne, kuma zai mutu da shi. Sannan ya faɗi maganar da har yau take damuna: zoɓon ba komai ba ne, da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi da ya fita. Ko lanƙwasar ma, da an danne shi a hankali tsakanin gilashi biyu, wataƙila da an tsira da wani abu.

Na roƙe shi ya rera mini waƙar. Ya gyara murya, ya fara, a gaɓa ta biyu muryar ta karye. Ya ce kalmomin yana da su, amma dariyar ba ta kwaikwayuwa. Ni da na iya muryar kowa a unguwa har da ta akuya, wannan ɗaya ce ba zan taɓa iyawa ba.

Kawu ya yafe mini tun a ranar, amma yafiya ba ta mayar da layin faifai. 'Yan'uwana matasa, idan babba ya ce ku zauna ku saurari wani abu, ku zauna ko da ya yi muku kama da kukan firji, don ba ku san wanda ke ciki ba. Idan kuma kun yi ɓarna, ku faɗa tun tana zoɓo, kada ku bari ta kai ga dutsen guga. Yanzu duk Juma'a bayan la'asar ni nake shimfiɗa tabarma. Mukan saurari sauran faifan tun daga farko har ƙarshe, ban ce uffan ba. Na koyi zama. Amma duk faifan da aka ɗora, idan agogon bango ya nuna minti goma sha tara sai in ji kunnena ya miƙe, kuma babu wanda yake fitowa.