Waƙoƙin Mista Walta

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da aka cire ni daga gidan Mista Walta ba. Ku da kuka shigo aikin kula da tsofaffi yanzu, ku saurara.

Ejensi ce, wato kamfanin da muke wa aiki, ke tura mu. Kowane gida da takardarsa: wanka, abinci, tuna wa mutum magani, da abin da yake so a yi masa. A tasa an rubuta "a karanta masa", don ido ya tafi. Ni kuwa da furfurata na koyi boko a ajin manya a unguwar Bronx, da yatsa nake bin layi. Ya ce ba komai, shi ma ba sauri yake ba.

Kullum sai in hau jirgin ruwa zuwa St. George, inda gidansa yake. Mista Walta yana yaro mawaƙin coci ne. Da ya girma ya karanta ilimin nan da ke cewa halittu rikiɗa suka yi ta yi, daga na ruwa har zuwa mutum, sai imaninsa ya zube. Abin da ya yi ta rubuta waƙoƙi a kai ke nan, kuma su yake so ya ji.

Ranar farko ina fara karantawa na rufe littafin. Na ce, "Baba, kakanka ne kifi, ba nawa ba!" Ya yi dariya har da tari. Muka shirya: in yi a'uziyya kafin in fara, in yi istigfari in na gama. Ya ce, "Hajiya, ki yi mana mu biyu."

Da na yi nisa na gane ba zagin Allah yake ba. Akwai waƙar da ya ce ya tsaya a ƙofar coci ranar Lahadi, yana jin muryar mahaifiyarsa cikin masu waƙa, ƙafarsa ta ƙi shiga. A wata kuma, ya ɗauki dutse mai zanen ƙashin kifi ya tambaye shi wa ya yi shi, dutsen bai amsa ba. Kukan maraya ne. In ina karantawa, hawaye ke bin kuncinsa.

Sai ga ɗansa daga wata jiha, wanda ko a waya ban taɓa jin muryarsa ba. Ya tarar da mu a kan karatun. Ya fizge littafin, wai ni ce ke hana ubansa tuba, daga yau Baibul kaɗai. Na ce, "Ɗan nan, in ya nemi Baibul zan karanta. Tambaye shi, ga shi nan, ba kujera ba ce." Bai ko dube shi ba. Tsohon yana laluben iska yana cewa, "Ba ni kayana."

Washegari sufabaiza, shugabarmu a ejensi, ta kira ni. "Mama, iyali sun kai ƙara." Na ce takardarku ce ta ce a karanta masa! Ta ce ta sani, amma ɗan ne ke sa hannu yanzu. Ko sallama ba a bar ni na yi ba. Kafin sanyi ya wuce Mista Walta ya rasu.

Ban yarda da ko layi ɗaya na waƙoƙinsa ba, har gobe. Amma shiriya ta Allah ce, ba a ƙwace wa makaho littafi a ce an kai shi aljanna. A aikin nan za ku ga masu zuwa ceton ran tsoho a kwana biyu, alhali ba su taɓa yanke masa farce ba. Ku dubi wanda ke kwance, ku tambaye shi. Yana da baki.