Amshi na Bakwai

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da ƙarfe tara saura kwata na safe, na fara ganin matar da kowa ke kira Inna Mai Amshi. Ni ke riƙe da rajistar shiga da fita a ɗakin ɗaukar waƙa da ke hawa na uku, a saman wani kantin katifa. Ƙarfe goma aka ba ta, amma ta yi sammako, ta hau matakala arba'in da biyu tana hutawa a kowane hawa, ta zauna a bencin baƙi da jakarta a cinya.

Shekarunta sittin da shida a lokacin, ashirin da tara daga ciki ta yi su tana guga a ɗakin wankin wani otal. Amma kafin guga, ita ce muryar macen da ke amsa wa Marigayi, mawaƙin da iyayenmu suka yi soyayya da waƙoƙinsa. Ba a taɓa sa sunanta a bayan faifai ba, ita kuma ba ta taɓa damuwa ba.

Tauraro ne ya sa aka nemo ta. Matashin mawaƙi ne da hotonsa ke jikin kowace motar haya, kuma ya ƙudurta sake rera tsofaffin waƙoƙin soyayya guda goma a kundi ɗaya. Da manajansa ya ji cewa mai amshin "Fitila a Taga" tana raye, sai ya ga abin talla ya faɗo masa daga sama.

Ita kuwa Inna da tata ta zo. Waƙar baiti bakwai ce. Namiji yana ba da labarin tafiyarsa, mace tana amsawa a ƙarshen kowane baiti da kalmomi iri ɗaya: na bar maka fitila a taga. Sai dai ba a faɗinsu iri ɗaya. Na farko tsokana ne, na uku fushi, na biyar roƙo. A na bakwai ne mutumin yake dawowa da furfura, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa ƙwanƙwasawa. Ranar da aka ɗauki waƙar, shekara arba'in da ɗaya baya, tef ya ƙare a tsakiyar wannan baitin. Masu kamfani suka dusashe sautin a na shida suka fitar da ita haka. Marigayi ya ce za su sake, yau ne gobe ne, har ya koma ga Mahaliccinsa. Duniya ta haddace waƙar da ba ta ƙare ba, Inna kaɗai ta rage da sanin ƙarshenta.

Injiniya, wani mai ƙiba da ba ya rabo da kofin shayi, ya shigar da ita ƙaramin ɗakin gilashi, ya ɗora mata abin sauraro a kunne. Ta duba dama ta duba hagu, ta tambaye shi ina mai waƙar. Ya ce yana kan tafiya, amma ya turo muryarsa, ita dai ta saurara ta shiga inda aka bar mata gurbi. Ya kunna mata wani ƙas-ƙas mai ƙirga kiɗa, ya ce in ta ƙirga huɗu ta fara.

Sau goma sha huɗu aka gwada a ranar. Sau ɗaya ta faɗa daidai gurbin, shi ma da ka. Sauran ko ta riga ko ta makara. Matar da ta yi shekara tara tana amshi a gaban dubban mutane ba ta taɓa tuntuɓe ba, ga ta tana gumi a cikin sanyin na'ura, Injiniya yana cewa ta cikin lasifika, a hankali Inna, ba komai Inna, da irin muryar da ake lallashin mara lafiya da ita. Wannan ba komai ɗin ya fi zagi yi mata ciwo.

A gwaji na ƙarshe ta cire abin kunnen ta tsura wa gilashin ido.

"Ɗan nan, wai shi yaron naku ba ya numfashi ne?"

Injiniya ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Ya ce shi ya goge numfashin, masu sauraron yanzu ba sa son jin ana shaƙar iska a kunnensu. Ta ce to ya goge mata hanya. Ita ba ta taɓa ƙirga huɗu ba a rayuwarta. Marigayi in ya kai ƙarshen baiti yakan saki iska, kafaɗarsa ta sauka, a nan take shiga. In ya saki da ƙarfi ta amsa da zafi, in ya saki a hankali ta bi shi a hankali. Ta ce ya mayar da abin da ya goge.

Ya sosa ƙeya. Ya ce ko ya mayar ba zai yi ba, don Tauraro layi-layi yake rerawa, ya yi ɗaya sau goma a zaɓi mai kyau a liƙa da na gaba. Kuma baiti huɗu kawai ya turo, waƙar zamani ba ta cika wuce minti uku ba.

Ta ce a kira mata shi ya tsaya a gabanta, minti ashirin ya ishe su.

Aka sa ranar sha takwas ga wata. Ta nemi izini a wurin aiki, shugabar ɗakin wanki tana gunaguni wai tsufa ya zo da sabon salo. Ta zauna a benci daga tara zuwa ɗaya, Tauraro bai zo ba. Aka sa ashirin da biyar. Ranar ya zo, kuma a rajistata minti ashirin da biyu ya yi a ginin. Ya shigo da mai ɗaukar hoto, ya durƙusa har ƙasa, ya kira ta uwarmu, ya kama hannunta ya ɗora a kansa. Mai hoto ya ce haske bai yi ba, aka sake durƙuson kusa da taga. Ta samu ta ce masa, ɗana, akwai baiti na bakwai. Ya ce Allah sarki, duk abin da uwarmu take so a yi mata, ta faɗa wa Injiniya. Kafin ta haɗa wata maganar, ƙarar takalminsa ta kai hawa na biyu.

A gida ’yarta, wadda ke aikin jinya, ta ce ta haƙura da hawan benen nan, gwiwa ba ta san waƙa ba. Ta ƙara da cewa ai ga hotonta can ya cika wayoyin mutane, ta zama tauraruwa da tsufanta. Inna ta ce hoto ba ya amshi.

Ɗaya ga Afrilu ce rana ta ƙarshe da aka kama mata ɗakin. Tana zama Injiniya ya fito ya tsuguna gabanta, ya gaya mata gaskiya: ba sai ta wahala ba. Wancan guda ɗayan da ta faɗa daidai ranar farko ya fita tas, zai kwafe shi ya liƙa a gurbi huɗun, aiki ya ƙare.

Ta harare shi. Ya ce kada ta bar jaki ta daki taiki, shi ɗan aike ne.

"Na tsokana ka ɗauka," in ji ta. "A waƙar mutum ya ce mata ya yi ciwo a hanya, ita tana masa dariya. Haka za ka saki matar nan a duniya, da muryata?"

Ta rataya jakarta ta nufi ƙofa. Ta sa ƙafa a matakalar farko ke nan ya ce ta tsaya. Ya miƙa mata takarda da biro, ya ce ta rubuta masa baitocin nan bakwai, saura minti hamsin a lokacinta, kuma ba wanda zai tambaye shi abin da ya yi da su. Ya nuna mini jan maɓallin ɗauka, ya shiga ɗakin gilashin da ita ya tsaya a gabanta, ya ce shi zai rera na namijin.

Na danna da ƙarfe sha ɗaya da minti bakwai. Ba kiɗa, ba ƙas-ƙas. Muryar Injiniya kamar ana jan tebur a kan siminti, ga haki saboda ƙiba. A baitin farko Inna ta toshe baki don dariya, ta ce ko kwaɗo ya fi shi, amma ya ci gaba, aƙalla shi yana numfashi. Suka sake daga farko. Ba ta kuskure ko ɗaya ba. A na uku ta ɗaure fuska har ya ja da baya. Da ya kai na bakwai ya sassauta murya, ya saki iska, kafaɗarsa ta sauka, ta amsa ƙasa-ƙasa har sai da allurar auna sauti ta kusa kwanciya. Minti bakwai da daƙiƙa arba'in.

Injiniya ya tura wa manaja, ya roƙi a sa Tauraro ya bi sawun wannan ɗaukar. Amsar ta zo washegari, layi ɗaya: ya yi tsawo.

Kundin ya fito ranar tara ga Yuni. "Fitila a Taga" ce ta huɗu, minti uku da daƙiƙa biyar, amshin tsokana sau huɗu iri ɗaya sak. Hoton durƙuson yana bangon baya, da sunanta a ƙasa. An aika mata kwafi biyu, ta ba ’yarta ɗaya, ɗayan ta mayar mini ta hannun direban otal ba tare da ta ɓare ledar ba.

Ta ci gaba da guga har ƙarshen shekarar, sannan gwiwa ta sa ta ajiye aiki ta koma gidan ’yarta. Ɗaukar ranar ɗaya ga Afrilu tana cikin wayarta, Injiniya ne ya sa mata. ’Yar ta ce takan kunna in baƙi sun zo, ta gargaɗe su tun farko cewa namijin ba mawaƙi ba ne, kuma ba ta barin kowa ya tashi sai an kai na bakwai. Ba ta sake hawa benenmu ba.