Inda Fankata Take Kai Hayaƙi

Karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma a ilimin hayaƙi na daɗe ina ganin kaina farfesa. Shekara talatin da ɗoriya ina ɗinki a wani shago a Fagge, ba nisa da Kantin Kwari, kuma sigari ba ta barin leɓena sai lokacin salla ko da rana cikin azumi.

Mu biyu ne a shagon. Ni da kekena a gaba, abokina a can ƙurya da injin aikin wuya. Bayarabe ne haifaffen Sabon Gari, ni kuma asalina Bagobiri, don haka tsakaninmu sai wasa. In ce masa bawana, ya ce ni ne bawan, ya ƙara mini da Jirgin Ƙasa, wai tun daga tasha ake hango hayaƙina. Shi bai taɓa sa taba a baki ba. Ko goro sai an matsa masa.

Illar taba guda ɗaya muka sani a lokacin: shadda tana kama wari. Wani Alhaji ya dawo mana da babbar riga, ya ce matarsa ta shinshina ta tsare shi da tambayar yaushe ya fara. Sai na zauna na yi nazari irin na masana. Na mayar da kayan mutane bakin ƙofa, na ja kekena ciki kaɗan, na kafa fanka a bayana tana kora hayaƙin zuwa 'yar tagar da ke bangon baya. Abokina ya yaba, ya ce ashe ana samun mai kai a Gobir. Tagar nan kuwa daidai saman kansa take. Daga ranar shadda ta samu lafiya.

Tari ya fara masa a hankali. Muka ce ƙurar zare ce, muka ce sanyi ne. Ni da kaina na yanka masa magani: zuma da citta, da madarar gwangwani, wadda a ilimin mashaya ita ke wanke ƙirji. Sai da ta kai ba ya zuwa masallaci bai tsaya ya dafa bango ba, sannan 'ya'yansa suka kai shi asibiti.

Da na je dubiya, ya ce mini wai tsufa ne kawai. Matarsa ce ta gaya mini gaskiya sa'ad da ta rako ni ƙofar gida. Likita ya ce huhunsa irin na tsohon mashayi ne, ya tambaye shi kara nawa yake sha a rana. Ya rantse bai taɓa ba. Aka ce to wa yake zama da shi? Ya ce ba kowa.

Na koma ɗakin. Yana ganin fuskata ya gane.

"Iya ta yi surutu ko?"

Na ce, "Me ya hana ka faɗa?"

"In faɗi me? Ai ni na ce dabarar ta yi. Yaushe bawa ya taɓa yin abu ba da izinin ubangidansa ba?"

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, na riƙe masa kofin ruwa.

Da na so in ce tun ranar na daina, amma ƙarya ba kyau ga mai furfura. Na yi watanni ina faɗuwa ina tashi. Shi ya zama mai bincikena. In na je sai ya ce in miƙo hulata, ya shinshina kamar matar Alhajin nan, ya wurgo mini ita. Ranar da bai ji komai ba, ya daɗe da ita a hannu, sannan ya ce ashe jirgi ma yana ritaya.

Bai kai shekara biyu ba bayan haka, Allah ya ji ƙansa. Ni da na sha ina nan da tarina na asuba, ina ɗinki a hankali. Injinsa yana ƙurya, ban bari an ɗauke ba. Wani lokaci mutum yakan tsaya a ƙofar shago ya kunna. Ba na yi masa wa'azi, ni wa? Nakan tambaye shi dai, in yana sha a gida ko wurin aiki, wa ke zama a bayansa.