Ledar da Ba Mai Hawa Ya Yaɓe Ta

Ranar da aka kira ni a waya ina gindin rumbun Baba a Dumega ba ta taɓa fita raina ba. Lokacin ni ƙaramin injiniya ne a wata jami'a a ƙasar waje, muna haɗa ɗan tauraron ɗan'adam. Aikina duba ledar da ake naɗe shi da ita, kuma sai na amince ake rufe shi.

Ga dalilin duban. Iskar oksijin da muke shaƙa, ƙwayoyinta bibbiyu suke tafiya a manne. Can sama inda ƙananan taurarin nan ke kewaya, hasken rana yana raba su, kowace ta zama tilo, ta riƙa cin leda. Shi ya sa ake shafa wa ledar wani siririn rufi mai kama da gilashi. In rufin ya tsage, iskar ta shiga ta rarake ƙarƙashi kamar gara, waje kuwa lafiya lau.

Na zo gida konje ne, wato hutu, da kaka. Shugabar sashenmu ce ta kira, ta ce an ninke ledar wajen ɗauka, ta aiko hotuna. Rufin ya tsage, amma tsagar ba ta kai gashi kauri ba.

"Ka amince kawai," in ji ta. "In muka rasa harba tauraron bana, sai baɗi, kuma ban san ko kujerarka za ta kai baɗi ba."

Da albashin nan nake riƙe gidanmu.

Baba yana cusa laka a tsagar rumbu, kamar yadda yake yi kowace shekara kafin a zuba hatsi. Ya ce, "Mi ya same ka, Isuhu?" Na yi masa bayani iya yina.

"To in ta ƙara tsagewa can bisa, wa ka hawa shi yaɓe ta?"

"Ba kowa, Baba."

Ya ce, "Uhm," ya ci gaba da aikinsa. Tambaya ce kawai ya yi, amma na kira shugabar na ce ban amince ba.

An sake leda, tauraron ya tashi shekarar da ta biyo, ni kuwa ba a sabunta mini aiki ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Shi ya dawo da ni koyarwa a lise, makarantar sakandaren nan ta Dutsi, tare da ku ɗalibaina.

Abin da na koya game da aikin duba ke nan: in ka yi shi daidai, ba abin da zai faru, saboda haka ba ka da shaida. Har yau ban san ko tsohuwar ledar za ta ba da mu ba. Da za a sake kirana, amsar dai ita ce.