Ranar da Kawu Buwai Bai Sauka Ba

A ƙauyukan da ke yamma da Dawakin Tofa, inda gona ke manne da gona sai layin aduruku ya raba su, babu wanda bai san Kawu Buwai mai jinka ba. An haife shi a Gidan Kanya, gidan da kakanni suka bi addinin gargajiya, mahaifinsa kuma ya shiga coci Buwai yana goye. Da damina manomi ne kamar kowa, da rani kuwa yana ɗaura jinka, wato rufin ciyawa na ɗaki da na rumbu. Amma ba da jinka aka fi saninsa ba. An fi saninsa da sauka daga keke.

Tsohuwar al'ada ce a yankin cewa mai keke ba ya gaida babba daga kan sirdi. Tun da babura suka yawaita mutane suka sassauta, ɗaga hannu ya wadatar. Buwai bai sassauta ba, ƙari ma ya yi. Yakan sauka wa liman da fasto, ya sauka wa tsohuwa mai tallan daddawa, har da 'ya'yan abokansa da suka fara gemu. Matarsa Dorathy takan ce ba hawan keken yake yi ba, rakiya yake yi masa. Robar birkinsa ta cinye tun shekarun baya, bai sake ta ba, domin bai taɓa gudun da tafin ƙafa zai kasa tsayarwa ba.

A bazarar da ake ba da labarinta, iska ta yaye jinkar rumbun Furera, matar marigayi Yahya, amininsa tun suna kiwon awaki. A rumbun nan duk dawar da za ta kai ta da 'ya'yanta kaka take. Buwai ya ɗaura sabuwa a ƙofar gidansa, da niyyar maza su ɗauke ta a ka ranar Asabar. Ranar Alhamis da la'asar sai gabas ta yi baƙi ƙirin.

Dorathy ta fito ta tarar ya ɗaure jinkar a kariyar keke, tsininta bisa kafaɗarsa, bakinta a buɗe ta baya.

"Baban Micah, kai za ka kai ta, ko ita za ta kai ka?"

"In ruwan nan ya sami dawar Furera, tsiro za ta yi a rumbu," in ji shi. "Zan sauka a tsamiyar Mai Unguwa in gaisa, in roƙi maza su biyo ni mu ɗora. Ni kaɗai ba zan iya ɗaga ta ba."

Gidan Furera yana yamma, tafiya ce 'yar kaɗan ta burtalin shanu. Yana shiga burtalin iskar hadari ta taso daga baya, ta cika jinkar fal. Buwai ya ji kamar wani ƙato ya dafa shi yana turawa. Ya daina taka feda, keken bai lura ba. Ya matsa birki, ƙarfe ya yi ƙara, gudu ya ƙaru. Ya sauke ƙafa, takalmin ya fice ya yi nasa wuri.

Da farko ya kira sunan Allah da gaske. Sai kuma wani abu ya taso masa daga ciki, abin da rabonsa da shi tun ranar da shi da Yahya suka hau jakin wani Bafillace ba izini. Aduruku na wucewa dama da hagu, zabi na watsewa suna zaginsa, hularsa ta tashi ta riga shi gaba, sa'an nan ya zo ya wuce ta. Dattijo mai furfura ya buɗe baki yana dariya har hawaye na gudu zuwa kunnuwansa. Ya baza ƙafafu. Ya ɗauko wata waƙar coci ta yarinta, iska ta kwashe rabinta.

Sai ga tsamiya. Mai Unguwa Basiru, sa'ansa kuma abokin wasansa, yana tsaye da jama'a ana naɗe tabarmi.

"Ranka ya daɗeee!" Abin da suka ji ke nan, jinka ta wuce fuu, da ƙafafu biyu a baje.

Mai Unguwa ya ce, "Buwai ne. Kuma bai sauka ba."

Babu wanda ya kawo iska a ransa. Mutumin da ke sauka wa mai daddawa ba zai wuce Mai Unguwa a kan sirdi ba sai dai in gobara ce ko rasuwa. Wata mata ta ɗora hannu a ka ta fara salati. Maza suka zuba a burtali, wasu da bokitan ruwa, Mai Unguwa a gaba ya tattare babbar riga.

Yashin ƙofar gidan Furera ne ya tsayar da keken. Tayar gaba ta nutse, igiya ta tsinke, Buwai ya gangara, jinkar ta juya ta kife a kansa kamar akurki. Jama'a suka iso suna haki. Babu hayaƙi, babu kuka, sai Furera riƙe da baki, da jinka a ƙasa tana girgiza.

Daga ciki murya ta fito, dariya na sarƙe ta: "Ranka ya daɗe, ina yini? Yaya iyali? Ga shi na sauka."

"Tsohon banza!" in ji Mai Unguwa. "Ka sa na yi gudu a gaban surukaina! Wa ya mutu?"

"Babu kowa. Amma tunda kun zo, ku ɗaga ta daga kaina ku ɗora wa rumbu."

Mai Unguwa ya dubi rumbun a buɗe, ya dubi sama. "To ku ajiye bokitan nan, ruwan da ya fi naku yana tafe!"

Hannayen da suka taru sun ninka waɗanda Buwai ya yi niyyar roƙa, kuma duk an bukace su, domin iskar ta so ƙwace jinkar a sama. Buwai ya hau tsani da takalmi ɗaya yana ɗaure igiya, ɗigon farko na sauka masa a sanƙo. Aka kwasa zuwa zaure, ruwa ya ɓarke.

Da ruwa ya ɗauke, Furera ta hau rumbun ta zura hannu har kafaɗa, ta zaro zangarniya a bushe ƙayau, ta ɗaga kowa ya gani.

"Kawu, Allah ya saka da alheri. Amma a ƙafa za ka koma."

Dorathy ta sa an sayo masa robar birki a kasuwa mai zuwa. Ya karɓa da godiya, ya saka a aljihu. Har yau yana sauka wa kowa. Sai dai duk bazara, in gabas ta yi baƙi, akan gan shi ya fito da keke ya juya kansa yamma, yana tambayar ko akwai mai bukatar jinka.