Mushe a Bayan Randa

Ni ban taɓa jin wari ba, ban taɓa jin ƙanshi ba, haka aka haife ni. Shi ya sa sana'ar daddawa ta karɓe ni a unguwarmu ta Magariya. Mata na toshe hanci in an buɗe tukunya, ni kuwa ina tsugune a kanta hankali kwance. In tsohuwa ta rasu ita kaɗai a ɗaki aka kwana biyu ba a sani ba, ni ake aiko wa in yi mata wanka. Ba jarumta ba ce, abin da ke korarsu ne ba ya iso ni.

Ɗaya matsalar ba a faɗinta a gabana. Sa'o'ina suka yi ƙirgar dangi, suka fara fashin salla, ni shiru. Aure biyu na yi, duka rashin haihuwa ya kashe su. Aka ce aljani ne ya aure ni, aka yi ta turara ni da hayaƙi wai ya gudu. Ni dai idona ne ya yi ja.

Sai da na haura arba'in, ciwon ƙugu ya kai ni Damagaram, wata likita ta saurari tarihina, ta buɗe kwalbar turare ta kara mini a hanci. Na ce ban ji komi ba. Ta ce mahaifa ba ta aiki da kanta, umarni take jira daga ƙwaƙwalwa. Akwai wasu 'yan ƙwayoyin halitta can tsakiyar kai, maƙwabtansu na zungurar su, su kuma su riƙa sakin saƙo a kan lokaci kamar bugun taɓarya. Amma ba a can aka halicce su ba. Tun mutum yana cikin uwarsa suke tasowa daga bayan hanci, su bi hanyar jijiyar ƙanshi su hau. Ni tawa hanyar ba ta shimfiɗu ba.

Na ce, "To suna ina yanzu?"

Ta ce, "Sun tsaya a hanya."

Har yau nakan taɓa karan hancina in tuna da su. Ta ƙara da cewa abin yakan bi jini, kuma in an gano shi da ƙuruciya akwai magani.

A lokacin ina riƙon 'yar ƙanena. Tun da aka yaye ta ya kawo mini ita daga Dungas, uwarta ba ta so ba. Ita ce duk abin da nake da shi.

Tana shekara tara, wata rana da bazara, muna shan fura a ɗaki da tsakar rana, maƙwabciyata ta shigo aron rariya. Ta ja da baya, ta danne hanci da gefen zane. Ta lallaɓa ta janye randa. Ashe kazarmu da ta ɓace kwana huɗu ce, ta kumbura, tsutsa na yawo a kanta, taku biyu daga tabarmarmu. Matar ba ta dubi kazar ba, ba ta dube ni ba. Yarinyar ta zuba wa ido, ita kuwa ludayi na bakinta.

Da ta fita na ce wa yarinyar ta rufe ido. Na kara mata daddawa, na kara mata sabulu.

Ta yi dariya. "Gwaggo, ai duk ɗaya ne."

Kwana uku ina jujjuya abin. In na yi shiru tana hannuna, ta girma ta zama ni. In na faɗa, na san abin da za a ce. Wallahi na so yin shiru, ba zan ɓoye ba.

Ran kasuwa muka hau kabu-kabu zuwa Dungas. Na zayyana wa ubanta duk abin da likita ta ce. Ina magana ina jin kaina: wasu ƙananan halittu da ba a gani, sun maƙale a bayan hanci. Ko ni aka faɗa wa haka, aljanu zan ce.

Uwarta ta janye ta bayanta, ta ce wa mijin a hankali, "Na faɗa maka aljaninta zai tsallako kan yarinyar nan."

Ya sunkuyar da kai. "Yaya, ki bar ta ta kwana biyu a nan. Bayan kaka zan kai ta Damagaram."

Kaka biyu ke nan. Duk Juma'a sai na kira shi na tuna masa, har ya fara ƙin ɗauka, ni kuma ban fasa ba.

Yarinyar ta manta kallabinta a kan igiyata. Na sha jin mata na cewa in ɗa ya yi nisa, tufarsa suke sunsunawa su ji kamar yana ɗakin. Ban wanke shi ba. Na gwada, na sake gwadawa. Ƙyalle ne kawai.